Tsimin Na'a-na'a na Kawu Ɗalhatu

Ranar da aka sallamo Sunusi daga wurin aiki, Doha ta wayi gari da irin zafin nan mai jiƙa mutum. Ba rana kaɗai ba ce. Wani tururi ne yake tasowa daga teku ya kwanta a kan gari, sama ta yi fari fat, ba ka hango ƙarshen titi. Mai tabarau in ya fito daga ɗaki sai ya tsaya ya goge, don gilashin ya riga ya rufe. Tagogin gidajen unguwar Mansura suna ta zufa, tantabarun da ke kan rufi kuwa kowace ta buɗe baki.

A rana irin wannan ba wanda yake dawowa gida da hantsi sai da dalili. Shi ya sa da Ɗalhatu ya ji ana murɗa makulli ya ɗago kai. Ranar hutunsa ce, yana zaune a kan darduma yana ɗinke aljihun rigar aikinsa. Sai ga Sunusi, ɗan ƙanwarsa, ya shigo ko sallama babu, ya zauna a bakin gado da takalmansa a ƙafa.

"Lafiya? Motar ce ta lalace?"

Sunusi ya sunkuyar da kai.

"Kawu, sun ce na sha giya."

Ɗalhatu ya soke allurar a jikin rigar. "Wa ya sha me?"

"Ni. Giya."

Sunusi direba ne, bas yake ja, yana kwasar ma'aikata daga Wukair, can bayan gari, ya kai su wuraren gini. To kamfaninsu ya shigo da sabon tsari, wai kafin a miƙa wa direba makulli sai ya hura wata 'yar na'ura mai kama da waya. Da safiyar nan aka fara. Duk wanda ya hura sai ta kawo kore. Sunusi ya hura yana dariya, ta kawo ja. Aka ce ya sake, ta sake kawo ja. Aka ɗauko wata sabuwa a kwali, ita ma ja. Ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe, amma mai kula da direbobi ya karɓe katinsa, ya ce ya tafi gida. Mudir, wato babban manajan wurin, zai dawo bayan Juma'a ya sa hannu a soke masa biza a mayar da shi Najeriya.

"Khalas, wai shi ke nan, haka ya ce mini. A gaban mutane, Kawu. Har da yaran nan na Gumel da ke aiki a garejin. Ka san kafin in sauka a Kano labarin ya riga ni isa Kazaure. An koro Sunusi daga ƙasar Larabawa saboda giya. Da wane ido zan dubi Inna?"

Innar tasa ita ce Khadijat, wadda ke bi wa Ɗalhatu. Ita ta damƙa masa yaron a hannu lokacin da zai zo. Ɗalhatu ya san Sunusi tun yana goye, ya san ko taba bai taɓa sa wa a baki ba. Ya ce na'urar ce ta sami matsala. Ya faɗa ya sake faɗa, don ba shi da wata maganar.

Shi Ɗalhatu mutumin Kazaure ne. Ya yi dako a kasuwa da ƙuruciyarsa, ya yi gadi a wani kamfanin fata a Kano har kamfanin ya rufe, sannan aka samo masa hanyar Qatar a shekarun da ake ta neman masu gadi. Da furfura a gemunsa ya zo. Aka ajiye shi a ƙofar wani rukunin gidaje a Thumama, yana ɗaga sanda motoci su shige, yana sauke ta. A gidan da suke haya a Mansura shi ne babba. Shi ke jan salla in ba a samu zuwa masallaci ba, shi ke raba faɗa a kan layin banɗaki. Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda ba su haɗa komai da shi ba.

Bayan gadi, abin da aka san shi da shi tsimi ne. Gidansu gidan tsimi ne. Tun yana yaro akwai wani baƙin tulu a bayan ɗakin kakarsa, cike da sassaƙen marke da maɗaci da saiwar sabara, ɗaci kamar ya tsinke harshe. A wurin tsohuwar ya koyi abu biyu da bai taɓa mantawa ba. Tsimi ba ya magani sai ya kwana biyu. Kuma ba a wanke tulun, ba a zubar da gindin. In ruwa ya yi ƙasa sai a ƙara sabo a kan tsohon, don ƙarfin maganin duk yana ƙasa.

A Doha ba marke, ba maɗaci. Amma cututtukan da ke sa a nemi tsimi sun biyo mutane a jirgi. Direbobi na fama da basir saboda zama, masu gadi na fama da ciwon baya saboda tsayuwa, kowa kuma cikinsa a kumbure, kullum burodi da shinkafa. Ana nan sai Ɗalhatu ya lura da wani fegi a bayan ɗakin gadinsa. Mai lambun gidajen, wani ɗan Bangaladash, ya shuka na'a-na'a mai jan kara, wadda in ka tauna ganye ɗaya sai ka ji sanyi ya hau har cikin hanci. Tana yaɗo, yana yankewa yana zubarwa a shara. Ɗalhatu ya ce wannan ai asara ce. Ya roƙa aka ba shi, ya kawo gida, ya jiƙa a jarkar ruwa da citta da kanumfari.

Na farkon ba wanda ya yi masa kurɓi biyu. Auta, wanda ke kai wa mutane abinci a babur, ya yamutsa fuska ya ce, "Kawu, man goge baki ka dama mana?"

Lokacin nunan dabino ne, bara ke nan. Itatuwan gidajen Thumama suna ta zubarwa a ƙasa, ya yi luguf, motoci na takawa. Ɗalhatu ya tsinto, ya wanke, ya cire ƙwallon, ya dama a cikin jarkar. Ya ƙara sukari don samari su iya sha. Ya ɗaure bakin gam saboda kyankyasai, ya kai baranda ya tura bayan injin sanyaya ɗaki, inda iska mai zafi ke fita, don nan ne kaɗai ba wanda zai yi tuntuɓe da ita. Ya bar ta ta kwana biyu, yadda aka koya masa.

Ranar da ya buɗe, sai ya ji fsss, kumfa ya taso, ƙanshin na'a-na'a ya cika barandar. Ya yi hamdala. Ya ce ya tsimu.

Daga nan kuwa tsimin Kawu ya yi suna. Ga zaƙi, ga sanyi a maƙogwaro, ga wani ɗan tsami a ƙarshe mai sa ka miƙa kofi a ƙara. Masu kumburin ciki suka ce sun sami sauƙi. Masu rashin barci suka ce yanzu ko sallamar masu aikin dare ba sa ji. Bello, wani mai gadi ɗan Zariya da kan yini bai ce uffan ba, aka fara jin dariyarsa daga tsakar gida. Shi kansa Ɗalhatu ya ji gwiwoyinsa sun saki. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, ya ce sadaka ce, Allah Ya kai ladan kabarin kakarsa. In jarka ta yi ƙasa sai ya ƙara ruwa da dabino da sukari da sabon ganye a kan gindin. Da sanyi tsimin ya ɗan yi laushi, da zafin bana ya kama sai ya dawo da ƙarfinsa, har ya fi na bara. Sunusi kuwa, saboda basir, kullum bayan asuba sai ya cika babban kofi ya shanye kafin ya fita.

To, wannan shi ne tsimin. Kuma ba wanda ya tuna da shi a ranar, har aka yi la'asar.

Bayan la'asar mutanen gidan suka taru a ɗakin, ana ta jajantawa. Sai ga Moro. Moro mutumin Zangon Kumasi ne, yana wanke kofuna a kicin ɗin wani otal, yana zaune a wani layi can gaba. Abokin wasan kowa ne, kullum cikin musu yake da 'yan Najeriya a kan wa ya fi iya dafa shinkafa. Yana da ciwon suga, shi ya sa duk sunan da tsimin ya yi bai taɓa kusantarsa ba. Yau bai shigo da wasa ba. Ya zauna kusa da Sunusi ya dafa kafaɗarsa.

Sunusi bai ci komai ba tun safe. Ɗalhatu ya dube shi, tausayi ya kama shi. Ya tashi ya ɗauko gora ɗaya daga firiji.

"Ungo, sha ka huce. Allah Yana sane da kai."

Ya murɗa murfin. Fsss.

Moro ya juyo. Ya ɗaga hanci sama kamar mai neman inda abu ke ƙonewa.

"Malam, tsaya. Mene ne wannan?"

"Tsimin nan ne da kake gudu."

"Ba ni nan."

Ya karɓi gorar ya shinshina. Ya nisanta ta daga fuskarsa, ya sake kawowa. Ya ɗiga a yatsa ya taɓa a harshe, ya tofar a hankici. Sannan ya ajiye ta a ƙasa a hankali, kamar abin da zai iya tashi da su.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, wannan giya ne."

Kowa ya juyo yana kallon gorar.

"Moro," in ji Ɗalhatu, "yau ba ranar wasa ba ce."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Da hannuna na haɗa shi. Ganye ne da dabino. Da bisimilla na fara, da bisimilla na rufe."

"Malam, bisimilla ba ya hana dabino tafasa. Gaya mini, kana sa sukari?"

"Don yara su iya sha."

"Kana rufewa?"

"Gam. Saboda kyankyasai."

"A ina kake ajiyewa?"

"Bayan injin can."

"Inda zafi ke fita?" Moro ya dafe kai. "Yana kumfa?"

"Ai alamar ya nuna ke nan."

"To in ya ƙare, kana wanke jarkar ko?"

Nan Ɗalhatu ya ɗan gyara zama, don an zo inda ya sani. "Haba. Ba a zubar da gindin tsimi. A kan tsohon ake ƙara sabo."

Moro ya zame daga bakin gadon ya zauna a ƙasa daɓas.

"Malam, a bayan gidanmu a Kumasi akwai matan da ke dafa pito, abin da ku kuke ce wa burkutu. Na girma ina jin warinsa. Duk abin da ka lissafa, haka suke yi. Har gindin. Su ma ba sa zubarwa, shi ke tayar da sabon. Ganyen nan ne ya rufe muku warin. Ni kullum ina wanke kofunan masu sha, ba zan ɓata ba."

Bello ne ya fara tashi. Ya nufi banɗaki da gudu, aka ji yana kakari, alhali rabonsa da tsimin tun jiya.

Auta ya riƙe baki. "Shi ya sa! Shi ya sa na kira matata na rera mata waƙa a waya. Ta ce wa ya koya mini. Na ce kewa ce."

Ba wanda ya yi dariya. Sunusi yana kallon gorar, yana kallon kawunsa. "Babban kofi na sha da asuba," ya ce a hankali. "Kullum nake sha. Kuma in ɗauki mutane a mota."

Ɗalhatu bai motsa ba. Ya buɗe tafukan hannunsa yana dubawa kamar na wani ne aka ara masa. Abubuwa suka riƙa zuwar masa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na baya nauyi. Sallolin da ya ja bayan ya kurɓa. Ladanin ƙaramin masallacinsu, wani dattijo Basudane, da ya kai wa gora guda saboda tari, har ya dawo da ita ya ce a ƙara masa. Sai kuma na ƙarshen ya faɗo masa, ya faɗe shi a fili bai sani ba.

"Da shi muka yi buɗa-baki. Azumin bana duka."

Bello da ya dawo yana goge baki ya jingina da ƙofa ya ce, "Har daren ashirin da bakwai."

"La'ilaha illallahu," in ji Ɗalhatu. "Ni? Ni ne mai gidan giya?"

Moro ya ce wanda bai sani ba Allah ba Ya kama shi, kowane malami zai faɗa masa haka. Ɗalhatu ya gyaɗa kai. Ya san da haka. Amma na'urar Wukair ba ta tambayi wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Sai tsoro ya shigo bayan mamaki. A ƙasar nan in an kama mutum ya sha, magana ce. In kuwa an ce shi ke haɗawa a gida, wannan wata maganar ce daban, mai iya kaiwa ga 'yan sanda. Auta ya leƙa baranda ya dawo idanu waje, ya ce jarkar ta kumbura kamar cikin akuya. Suka kinkimo ta su biyu suka kai banɗaki. Da aka fara tuttulawa, ƙanshin ya cika gidan, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa ya sauka matakala. Wani maƙwabci ɗan Nepal ya ƙwanƙwasa ya ce wane irin sabulun wanke ƙasa suka sayo, yana so. Bello ya ce masa ya ƙare a kanti, ya rufe ƙofa.

Gindin ne ya fito a ƙarshe, baƙi, mai kauri. Ɗalhatu ya tsaya yana kallo har ruwa ya tafi da shi.

"Shi ke nan," in ji Auta. "Ba jarka, ba magana. Sunusi ya ce maganin tari ya sha."

"Sun tambaye ni, na ce ban sha komai ba. Na rantse."

"To ka ce ka manta."

"Su ce kawo kwalbar fa?"

Bello ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma kowa ya iya bakinsa. In ka ce kai ne, ba ka ceci Sunusi ba, kai ma ka tafi. Wataƙila mu ma."

Sunusi ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Kada ka je ko'ina, Kawu. Ni yaro ne, zan sami wani abin yi a gida. Kai ina za ka fara a wannan shekarun?"

Gorar nan da Moro ya ajiye a ƙasa, kowa ya manta da ita. Ɗalhatu ya ɗauke ta ya ɓoye a bayan firiji.

Washegari ya koma bakin aikinsa a Thumama. Ya ɗaga sanda, ya sauke sanda. Mai lambun ya kawo masa damin na'a-na'a kamar yadda ya saba, yana murmushi. Ɗalhatu ya ja da baya har ya buge kujera, ya ce masa a'a, khalas, na gode. Mutumin ya tsaya da ganyen a hannu bai gane ba. Yinin ranar duk Khadijat yake gani. Yana ganin ta a gidan suna ko gidan biki, mata sun yi shiru da ta shigo. Kazaure ba ta manta irin wannan. Yaron zai tsufa ana nuna shi, 'ya'yansa ma a ce 'ya'yan wane ne da aka koro. Kuma ba abin da ya yi sai shan maganin da kawunsa ya miƙa masa.

Ranar da mudir zai dawo, Ɗalhatu ya nemi a canje shi a wurin aiki. Ya juye gorar a cikin fulas ɗin shayi, ya sa a jaka, ya je ya buga wa Moro ƙofa, don Turancinsa bai wuce na ɗaga sanda ba.

Moro ya dubi jakar. "Malam, kada ka ce mini abin yana ciki."

"In ban kai ba, wa zai yarda?"

"Za mu shiga jirgin ƙasa da shi? Ni da kai?"

"Yalla, mu tafi, rana na yi."

Ba su taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. A tasha, ɗan sandan da ke tsaye ya dube su kamar yadda yake duban kowa, Moro ya yi sauri ya kawar da kai. A cikin jirgin fulas ɗin ya fara wani ɗan tsaki, sss, sss, saboda girgiza. Ɗalhatu ya rungume jakar yana tari da ƙarfi don ya rufe ƙarar, har wata mata ta tashi ta sauya kujera. Da suka hau bas zuwa Wukair kuwa, duk layin kujerunsu ƙanshin na'a-na'a yake.

Mudir wani Balarabe ne mai tsohon tabo a goshi. Takardar Sunusi tana kan teburinsa, bai sa hannu ba tukuna. Ya saurari Moro yana duba wayarsa. Da aka zo kan dabino da sukari sai ya ajiye wayar. Da Ɗalhatu ya fito da fulas ya ɗora a teburin ya buɗe, kumfa ya taso ya zubo a kan gilashin teburin, mudir ya miƙe tsaye har kujerarsa ta bugi bango.

"Rufe! Rufe! A ofishina? Ka san abin da ka kawo?"

"Yanzu na sani," in ji Ɗalhatu. "Da ban sani ba."

Mudir ya je ya rufe ƙofa da kansa. Ya dawo ya shinshina murfin daga nesa, ya yi salati. Ya dubi furfurar Ɗalhatu, ya dubi rigar gadinsa.

"Ya Hajji, shekara guda kana haɗa wannan?"

"Magani ne. Na basir."

Moro ya rasa yadda zai fassara basir, sai ya nuna da hannu. Mudir ya rufe fuska da tafinsa, kafaɗunsa suka motsa. Ko dariya ce ko wani abu, ba su gane ba. Da ya buɗe fuskar, ba alamar wasa.

Ya ce ya yarda. Ba mai hankalin da zai ɗauko wannan ya ratsa gari da shi don ya yi ƙarya. Ba zai kira 'yan sanda ba. Amma ba shi da ikon ya share abin haka kawai, don an riga an sanar da na sama cewa na'ura ta kama direba. In zai wanke Sunusi, dole ya rubuta dalili, ya rubuta wanda ya haɗa abin da inda yake aiki. In ya rubuta kuwa, maganar za ta isa wurin kafil ɗin Ɗalhatu, wato kamfanin da ya kawo shi ƙasar, kuma ba kamfanin gadin da zai riƙe mai gadi bayan ya ji wannan.

Moro ya fassara, sannan ya ƙara nasa da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, ka ji fa. Har yanzu za mu iya ɗaukar fulas mu fita."

"Tambaye shi, in ya rubuta, za a ce yaron ya sha giya?"

Moro ya tambaya. "Ya ce za a rubuta an ba shi magani ne bai san abin da ke ciki ba. Za a sauke shi daga mota na ɗan lokaci, amma ba za a kore shi ba."

"To ya rubuta. Sunana Ɗalhatu Sa'idu. Ya sa daidai."

Mudir ya rubuta. Da zai sallame su ya nuna fulas ɗin da biro, ya ce su tafi da shi, kada su zubar a harabar kamfaninsa. Haka suka sake ratsa gari da shi.

Sunusi bai san an je ba sai da aka kira shi a waya aka ce ya zo ya karɓi katinsa. Ya shigo ɗaki ya durƙusa a gaban kawunsa. Ɗalhatu ya ce masa ya tashi ya ci abinci, ya rame.

Kamfanin gadin bai yi hayaniya ba. Sun kira shi ofis, sun ce ba za su ci gaba da shi ba, sun biya shi haƙƙinsa sun yanka masa tikiti. Kafin ya tafi ya je wurin ladanin nan Basudane ya faɗa masa gaskiyar maganin tarin. Dattijon ya zauna a kan matakalar masallaci. Can ya ce, "Shi ya sa mutane suka ce muryata ta buɗe."

Sunusi ya yi wata da watanni yana wanke motoci a garejin Wukair, daga baya aka mayar masa da makulli, har yau yana jan bas ɗinsa. Ɗalhatu yana gida Kazaure. Ya kama hayar wani fili a bakin dam, yana noman albasa da rani, da damina kuma gero.